Yadda Za Ka Hana Yoyon Baƙin Mai Daga Bututun Safareta a Lokacin Hunturu

Tun shigowar sanyi masu motoci ke ta aiko min da ƙorafi iri guda. Mota ta yi damina lafiya lau, amma daga ƙarshen Nuwamba sai a wayi gari a tarar da ɗigon baƙin mai a ƙarƙashin inji. A kai gareji, a goge, a lafta gam, sati bai zagayo ba ɗigon ya dawo, wani lokaci ma ta wani wuri dabam. Sau da yawa irin wannan yoyo yana da alaƙa da safareta, wato ƙaramin akwatin da ke raba baƙin mai da tururin da ke tasowa daga cikin inji, ya mayar da man ƙasa ta siririn bututu, tururin kuma ya wuce manifol, hanyar da iska ke bi ta shiga inji, ya ƙone.

Abin da sanyi ke yi a nan ba ɓoyayye ba ne. Duk litar fetur da inji ya ƙona tana samar da ruwa kusan lita guda a matsayin tururi. Mafi yawansa salansa ce ke fitar da shi, amma kaɗan yana sulalewa ta gefen ringin fistin ya shiga inda mai yake. Idan inji ya yi zafi sosai, wannan ruwa yana ƙafewa. Idan bai yi ba, sai ya haɗu da mai ya zama wani farin kauri kamar kindirmo, ya taru a bututun da ya fi ko'ina sanyi da ƙunci, wato bututun da ke mayar da mai daga safareta. A Kanada da arewacin Turai wannan kaurin daskarewa yake yi ya fasa roba. A Zariya ba ma kaiwa ga ƙanƙara, amma asubar Disamba da Janairu takan sauka ƙasa da digiri 15, ga ƙura, ga gajeriyar tafiya, kuma wannan ya isa ya toshe bututun. Da ya toshe, iska ta matsu a cikin inji, sai mai ya nemi duk inda ya fi rauni ya fito. Shi ya sa gam ba ya maganin abin.

Kayan da za ka tanada: tocila mai haske, tsumma mai tsabta, kwali, kalanzir, ƙaramin buroshi, filaya, sukudireba, sifana masu lamba 8 da 10, safar hannu ta roba irin ta asibiti, hodar jarirai, da wayarka don ɗaukar hoto. Kada ka sayi wani kayan gyara tukuna sai ka gama mataki na uku.

1. Gano inda man yake fitowa

Mai yana bin gangare, iskar fanka kuma tana kwashe shi baya, don haka inda ya ɗiga a ƙasa ba lallai nan ne bakin yoyon ba. Da farko nemo safaretar motarka. A BMW mai inji M54, irin su E46 da E39 da tsohuwar X5, tana ƙarƙashin manifol, bututunta na ƙasa kuma yana komawa ta jikin bututun gejin mai. A Volkswagen da Audi masu inji 2.0 TSI tana zaune a saman murfin inji. A Corolla da Camry da Honda da dama abin ya fi sauƙi: ƙaramin bawul ne mai suna PCV, wanda ke barin tururin ya wuce, a jikin murfin inji da tiyo ɗaya zuwa manifol, rabuwar man kuma a cikin murfin take faruwa. Masu Hilux da sauran motocin dizal da yawa sun ƙara gwangwani na daban, shi ma za mu zo kansa.

Bari inji ya huce, ka goge safaretar da bututunta da duk abin da ke kewaye da kalanzir har ƙarfe da roba su fito fes. Idan ya bushe, barbaɗa hoda a bakin kowane mahaɗi. Shimfiɗa kwali a ƙasa, tayar da mota ta yi minti goma, ka ɗan zaga da ita, sannan ka haska tocila. Inda hoda ta fara yin baƙi, kuma ya fi kowane wuri tsayi, nan ne tushen.

Gargaɗi: kada a wanke inji da fetur, balle yana da zafi. Kuma kada ka bar yaran wankin mota su saita ruwa mai ƙarfi kan koyil da altaneta don neman yoyo.

2. Gwajin murfin mai

Mota tana silo, inji ya yi ɗumi, ka kwance murfin da ake zuba baƙin mai a hankali. A motar fetur mai lafiya za ka ji ɗan tsotso kaɗan, sautin inji ya ɗan canza. Idan murfin ya manne sai ka yi da gaske kafin ya ɗago, ko kana jin fito kamar usur, fatar robar da ke cikin safareta ta yage, kuma sai an canza. Idan kuwa iska ce ke bugowa waje da ƙarfi, hanya ta toshe. Don ka gani da idonka, ɗaura safar hannu a bakin: ta ɗan shige ciki, lafiya, ta kumbura ta miƙe, akwai matsi. A dizal ɗan hucin iska ba laifi ba ne, domin injinsa ba ya tsotso kamar na fetur, sai dai idan hayaƙi yake tuttuɗowa.

Juya murfin ka dubi cikinsa. Ɗan farin kauri a murfi kaɗai, a lokacin sanyi, raɓar inji ce. Amma idan gejin mai ma ya yi fari, ruwan lagireto yana raguwa ba tare da ka ga inda yake zuba ba, ko man ya ƙaru da kansa, to ka tsaya nan. Wannan maganar gasket ɗin tof silinda ce, kuma wanke bututu ba zai amfane ka da komai ba.

Idan an wanke komai an canza bawul amma safar tana ci gaba da kumbura, ringi ne suka cinye, sai a auna kwamfureshan, wato ƙarfin matsin iska a cikin silinda.

3. Tabbatar inji yana kaiwa zafinsa

A nan ne matsalar mafi yawan motocin garin nan take, kuma nan ne ake tsallakewa. Al'ada ce a garejinmu, mota ta shigo daga Kwatano ko Legas, abu na farko a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye da makulli, a ce wai an yi shi ne don ƙasar sanyi. A watan Afrilu ba za ka ga illar a fili ba. A Janairu kuwa, wanda ya tashi daga Samaru ƙarfe bakwai ya sauke yara a makaranta ya tsaya a Kwangila, ko wanda iyakarsa Tudun Wada zuwa PZ, injinsa bai taɓa yin zafin da zai kori ruwa ba. Kullum ana ƙara ruwa a cikin mai, ba a taɓa ragewa.

Tamostat ba ya jawo zafi. Aikinsa ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin aiki, a yawancin motocin Japan wajen digiri 82, sannan ya buɗe hanya zuwa lagireto. Ga yadda za ka san ko naka yana nan ba tare da kwance komai ba. Da safe, inji da sanyinsa, tayar da mota ka dafa babban tiyon sama na lagireto. Idan tamostat na aiki, tiyon zai zauna da sanyi na wasu mintoci sannan ya ɗau zafi kusan lokaci guda. Idan tun farko yake ɗumama sannu a hankali, ko dai an cire ko ya maƙale a buɗe. Alama ta biyu: allurar zafi ba ta kaiwa tsakiya bayan tuƙin minti goma sha biyar, ko ta kai amma da ka hau titin Kano ka taka sai ta sauko.

Gargaɗi: ka kula da hannunka da hannun rigarka kusa da fanka da bel. Fankar lantarki tana tashi ba sallama.

Idan babu shi, a mayar. Makanike zai iya ce maka, "Alhaji, wallahi in aka sa abin nan mota za ta yi zafi." Amsarka ita ce, "Oga, to mu duba abin da ke sa ta zafin." Galibi lagireto ne ya cushe da tsatsa saboda ruwan rijiya da ake ɗura masa, ko murfinsa ya mutu, ko na'urar da ke kunna fanka ta lalace. A gyara wannan tukuna, a mayar da fanka kan na'urarta, a zuba kulant, a fitar da iskar da ta maƙale a hanyar ruwa. Ni a ganina wanda ba zai yi wannan mataki ba, gara ya san cewa sauran aikin duk shekara zai riƙa maimaita shi.

4. Cire bututu ka buɗe hanya

Yi wannan aikin da hantsi ko bayan azahar, inji da ɗan ɗuminsa. Bututun roba mai tauri da ya shekara yana shan zafi, idan ka taɓa shi da sanyin asuba ɓallewa yake yi a hannunka, musamman na motocin Jamus. Ɗauki hoto ta fuska biyu ko uku kafin ka taɓa komai. Idan aikin zai kai ka ƙarƙashin manifol kusa da kik, cire kan batir na nagatif.

Sassauta kilif, ka murɗa tiyon hagu da dama har ya saki, sannan ka ja. Kada ka zura sukudireba ka banƙare, bakin safareta roba ne, kuma tsagar da ba ta kai gashi ba ta isa ta mayar da kai farko. Haska cikin tiyon. Lanƙwasa shi ka dubi bayansa: idan ya yi tsage-tsage, ko ya yi laushi yana manne wa yatsa, ko bakinsa ya buɗe ya yi faɗi, ya gama aiki. Idan lafiyarsa lau, jiƙa shi a kalanzir, ka bi cikinsa da buroshi, ka bar shi ya tsane sarai.

Bawul ɗin PCV na Toyota da Honda, girgiza shi kusa da kunne. Mai rai yana ƙara kas-kas. Wanda ya yi shiru ya cushe. Ana iya wanke shi, amma kuɗin sabo bai kai na galan ɗin baƙin mai ba, don haka canzawa ta fi.

Gargaɗi: safareta mai fatar roba a ciki ba a fesa mata maganin wanke kafireto, ba a hura mata iskar kwamfuresa. Duka biyun suna kashe fatar. Idan ta cika da kauri, canza ta ake yi.

Kada ka manta da inda bututun yake shiga a ƙasa. Sau da yawa toshewar tana can, ba a tiyon ba. A BMW ɗin da na ambata, ƙaramar hanyar da ke jikin bututun geji ita ke cushewa, mutum ya sayi safareta sabuwa dal ya ɗaura, yoyo bai daina ba. A cire bututun gejin a wanke shi a waje, a sa masa sabon zoben roba. Idan dole ta sa an tura dattin cikin inji, to juyen baƙin mai ya zama wajibi a ranar.

5. Sayen tiyo da kilif

Ba kowane baƙin tiyo ne na mai ba. Tiyon ruwa, irin na lagireto da hita, an yi shi da robar da mai ke kumbura ta. Wata biyu zai yi laushi ya zame daga bakinsa. Tiyon gas na girki da farin tiyon lebur na magina ma ba sa jure zafin inji. Ka ce a ba ka tiyon mai ko na fetur, mai zare a tsakiyarsa, ka tafi da tsohon a hannu don a gwada faɗin ciki. Ya shiga da ɗan ƙarfi. Wanda ya shige salin-alin ya yi yawa, kilif ba zai cike giɓin ba.

Kilif iri biyu ne a kasuwa, kuma a sanyi bambancinsu yake fitowa. Mai sukuru yana tsayawa inda ka ɗaure shi, roba kuwa tana tsukewa da dare ta saki da rana, sai rata ta samu, shi ne ɗigon da kake gani da safe kaɗai. Na sifirin, wanda ake matsawa da filaya, yana bin robar duk yadda ta motsa. Shi kamfani yake sawa tun asali, shi kuma yaran gareji suka fi jefarwa don yana ba su wahala. Ka ce a ajiye maka naka. Waya da igiyar roba ba kilif ba ne.

Game da kuɗi: tiyo da kilif da zoben roba su ne masu arha, duka ba su taka kara sun karya ba. Tamostat da kulant na biye. Safaretar motar Jamus da bututunta ita ce mai tsada, kuma kuɗin aiki ma ya fi saboda sai an kwance abubuwa da yawa kafin a kai gare ta. Farashi yana motsi da canjin dala, don haka tambayi shago biyu ko uku a Sabon Gari, in babu a aika Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. A wannan kaya ban ba da shawarar na Beljiyam ba. Ƙarfe na hannu yana da kyau, amma robar da ta ci sanyin Turai shekara goma sha ba ta fi wadda ka cire ba. Kuma in za a canza safaretar BMW, a canza ta da bututunta gaba ɗaya. Akwai samfurin da aka naɗe da soso don ƙasashen sanyi, in shi ka samu ba laifi, amma ba dole ba ne a nan.

6. Ɗaurawa

Tsoma bakin sabon tiyo a ruwan zafi na minti ɗaya don ya yi laushi, ka goge shi ya bushe, ka shafa ɗigon baƙin mai. Tura shi har ya wuce tudun da ke bakin bututu, kilif kuma ya zauna bayan tudun, ba a kansa ba. Idan mai sukuru ne kaɗai ka samu, ɗaure shi daidai ba tare da ya nutse a roba ba, ka sake taɓa shi bayan kwana biyu da safe.

Man da ke dawowa ba famfo ke tura shi ba, nauyinsa ne ke gangarar da shi. Saboda haka bututun ya sauka tun daga safareta har ƙasa ba tare da ya yi lanƙwasar da ruwa zai kwanta ba. Duk inda ya yi ciki, nan kaurin zai fara taruwa. Kada ya yi tsawo fiye da buƙata, kada ya karye a kwana, kada ya taɓa salansa ko bel. Idan akwai bawul mai hanya ɗaya a jikinsa, kibiyar da ke kai ta kalli ƙasa, wajen botom filet, wato kaskon da mai ke taruwa a ƙasan inji. In aka juya shi, safareta za ta cika ta yi ambaliya.

Gargaɗi: zoben roba ba ya son gam. Gam ɗin da ya matso ciki yana ɓallewa ya toshe hanyar da ka gama wankewa, ko ya gangara ya tsaya a rariyar famfon mai.

Akwai kuma wata dabara da ake yi: a toshe bakin manifol da ƙusa ko tsohon fulogi, a saki tiyo yana lilo a ƙasa. Mota za ta daina hayaƙi na ɗan lokaci, amma ka buɗe wa ƙurar hunturu ƙofa zuwa cikin mai, tururin ruwa kuma ba abin da zai ja shi waje. Kada ka yarda.

7. Masu gwangwani na ƙari

Idan an ɗaura wa motarka gwangwanin tara mai, yoyonsa yawanci daga famfon ƙasa ne ko kuma ya cika. A sanyi yana cika da sauri fiye da sauran watanni, domin rabin abin da ke ciki ruwa ne. Duba shi duk sati, ka zubar bayan ka dawo daga tafiya, lokacin da abin ke da ɗumi yana gudu. Goge zaren ƙusar, ka dubi wasa ko zoben da ke jikinta, in ya baje a canza. Gwangwanin alminiyam ne galibi, ɗaurin hannu da ɗan ƙari ya isa. Ka matsa da ƙarfi zare ya tafi. Farin tef na masu famfo a zare mai tsukewa kaɗai yake amfani, ba inda wasa ke rufewa ba.

Wurin ɗaura shi ma yana da tasiri. Wanda aka kafa a gaba, bayan giril, inda iskar hanya ke dukansa, ya fi tara ruwa. A matso da shi kusa da inji inda zai sha ɗumi. Masu gwangwani samfurin ProVent su tuna akwai matata a cikinsa da ake canzawa.

Abin da ka zubo kada ka mayar cikin inji, kada kuma ka juye a kwata. Tara a jarka ka haɗa da tsohon mai.

Gargaɗi ga masu dizal: idan gwangwani ya cika mai ya bi ta hanyar iska da yawa, inji zai iya cin man ya yi ta gudu ko ka zare makulli. Tsofaffin injuna masu tobo sun fi fuskantar wannan.

8. Juye da iya kilina

Bayan wannan aiki a yi juye da sabuwar filta, inji da zafinsa. Sa man da littafin mota ya ce. Injin da aka rubuta masa 5W-30 ba ya ƙaruwa da komai idan ka ɗura masa 20W-50, sai dai man ya yi nauyin gangarowa a siririn bututu da sanyin safiya. Kada ya wuce layin sama na geji, ƙari kumfa yake yi ya cika safareta. Buɗe iya kilina, wato matatar iska, ka duba. A watannin ƙura tana toshewa da wuri, kuma idan ta toshe inji yana ƙara jan mai ta hanyar numfashinsa. Kakkaɓewa tana taimakawa sau ɗaya ko biyu, bayan nan sabuwa.

9. Tuƙin hunturu

Barin mota tana silo minti ashirin a ƙofar gida kana shan shayi ba ya ɗumama mai yadda ake zato, sai ma ya ƙara ruwa da fetur a cikinsa. Minti ɗaya ya isa, ka tashi a hankali, kada ka taka da ƙarfi sai allura ta ɗaga. Idan zirga-zirgarka duk cikin gari ce, ware rana ɗaya a sati ka yi tafiyar minti talatin zuwa arba'in ba tsayawa, kamar zuwa Giwa ko Jaji ka dawo. Mai yana daɗewa bai kai zafinsa ba ko bayan allurar ruwa ta tsaya a tsakiya, shi ya sa tafiyar take buƙatar tsawo.

A satin farko ka riƙa kwana da kwali a ƙarƙashin mota, ka duba cikin murfin mai duk ranar Juma'a. Idan farin yana raguwa kwali kuma a bushe, aiki ya yi. Idan har yanzu akwai ɗigo, sake barbaɗa hoda a gasket ɗin murfin inji da sil ɗin gaba da na baya, domin matsin da ya daɗe yakan riga ya raunana su, kuma yanzu ne canza su zai zauna.